Baffa da Ranakun Kasuwa

Jiya babur ya mace mini cikin yashi bayan garin Babban Mutum, da rana tsaka, babu mai wucewa. Ina tura shi ina gumi, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai.

Kafin doguwar tafiya yakan tsuguna gindin darbejiya, hannunsa na warin fetur, ya zana hanya a ƙasa da makullin babur, yana lissafa ranakun kasuwannin ƙauyuka. Wata rana na ƙosa, na ce, "Baffa, mu tafi mana!"

Ya ce, "Sai ranar kasuwa, ɗana. Ran nan hanya ba ta rasa mutane. In babur ya tsaya, wani zai tsaya maka."

Jiya ba kasuwa. Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya ɗebe maka kewa a kabarinka.