Ƙyallen Kaka a Tsamiyar Iyaka

Ni dai ban taɓa iya jiran ƙarshen labari ba. Mu biyu ne a gidanmu na Konni, ni da Kaka, uwar babana. Bayan tuwon dare sai ta zauna bakin murhu tana tura kara ɗaya-ɗaya. Da ta fara sai in ce, "To, sai me ya faru?"

"Ke 'yar lakwal, zamna! Wa ka korar ki?" Haka take kirana tun da aka sa ni makarantar boko.

Labarin da ta fi maimaitawa shi ne na tsohuwar tsamiyar da ke bakin hanyar iyaka. Wai zamanin fatake, duk wanda zai yi kudu sai matarsa ta yagi bakin zaninta ta ɗaura a reshe. Ran da ya dawo, shi zai kwance da hannunsa kafin ya shiga gari. Wata mata ta ɗaura nata, miji shiru. Duk sanda rana ta cinye ƙyallen sai ta yagi wani, har zanin ya ƙare. Ran da ta rasu tsamiyar ta zubar da ganyenta kaf, ban da reshen nan.

"To, mutuwa ya yi ko aure ya yi can?" na tambaya.

"Ba a tambayar wanga."

Sauran tatsuniyoyinta duk tana rufe su da ƙurunƙus. Wannan kuwa sai ta rufe garwashi da toka, ta tashi.

Ina aji uku a kwaleji ta ce in raka ta wurin tsamiyar, ƙafa ta yi mata nauyi. Muna isa ta yagi bakin zaninta ta miƙo mini. A ranar na san kakana ya ƙetare iyaka da jakuna biyu tun babana yana goye, bai dawo ba.

"Hau ki ɗamre min. In na kau, ke ka riƙewa."

"Haba Kaka! Mutumin nan ba zai dawo ba."

"Na san da haka tun ba a haihe ki ba. Ɗamre dai."

Bayan rasuwarta damina biyu ban je ba, na ce shirme ne. Rannan na wuce bisa kabu-kabu, na ga reshen fayau. Na koma gida na zauna bakin murhu. Sai na ga kamar Kaka ce aka share daga garin, ita da duk shekarun da ta yi tana zaman jira.

Na buɗe akwatinta, na sami zanin, gefe ɗaya duk yage. Na je na ɗaura. Ban san fuskar mutumin ba, ba kuma shi nake jira ba.

Zanin saura kamu biyu. In ya ƙare, sai nawa.