Sallau Mai Shela Ya Tambayi Yaushe Suka Sani

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dakoro ya san muryar Sallau mai shela, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan siririn mutum ne, ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya buɗe baki a bakin tasha har masu cinikin raƙuma sai sun waiwayo. Gado ya yi. Ubansa da ganga ya yi shela, shi kuwa da amsa-kuwwa mai batir. Jaki ya ɓata, Sallau. Za a yi wa shanu allura, Sallau. Kullum farkon maganarsa ɗaya ce: "Jama'a, an ce in gaya muku!" Me ya sa aka ce, me aka rage ba a ce ba, wannan bai taɓa damunsa ba.

Matarsa Uwale ta sha haihuwa, amma ɗaya ce ta tsaya, Rahamatu. Budurwa ce mai baki kamar ubanta, tana sayar da zoɓo mai ƙanƙara duk inda taro yake. Takan tsokane shi ta ce, "Baba, kai dai tara mini su, ni in tatse su." Shi kuwa sai dariya har da dukan cinya. Kai, yana son yarinyar nan!

Wata bazara aka shirya babbar kokawa a garin, aka ba shi shela. Ranar Sallau ya zuba gwaninta. Ya hau kabu-kabu ya bi ƙauyuka, yana wasa 'yan kokawa, yana cewa wanda bai zo ba ya yi asarar shekara. Aka cika fili maƙil, ba masaka tsinke, numfashin wani a wuyan wani. Rahamatu ta sayar da zoɓonta ƙarƙaf tun kafin la'asar.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ta, wuya ya sandare. Sanƙarau ne. A gidan likita ta cika, kanta bisa cinyar uwarta, kuma ba ita kaɗai aka binne a wannan satin ba. Ko zaman makoki ba a gama ba aka aiko masa daga wani biro, wato ofishin hukuma, wanda ba zan kama sunansa ba, ya fita ya gaya wa jama'a su guji taro, cuta ta shigo. Ya fita yana shela yana share hawaye. A nan wata tsohuwa daga wajen Kornaka ta tare shi ta ce, "Sai yanzu, ɗan nan? Mu da muka rufe namu tun kafin kokawa, kuma likitan garinmu ya kai labari?"

Wannan magana ta hana shi sukuni. Tambaya ɗaya ce ke cin ransa: ranar da yake kiran mutane kokawa, manyan biro sun sani ko ba su sani ba?

Jibril, wani mai aiki a gidan rediyon gari, shi ya gaya masa akwai dokar da ta ba talaka damar tambayar hukuma abin da ta sani, kuma dole a amsa masa. Sallau ya yi tsaki ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga inda akuya ta tuhumi kura ba. Amma washegari sai ga shi ya dawo, ya ce a rubuta masa tambayar.

Uwale ta roƙe shi. "Malam, don girman Allah ka bari. Ajali ne. Na riga na ba zuciyata haƙuri da haka, kada ka ƙwace mini shi."

Bai bari ba. Ya sha zaman benci kuwa! Yau mushe, wato babban ma'aikacin biron, ya tafi Maradi, gobe mai tambari ba ya nan, jibi ka dawo bayan salla. Haba, sai ka ce bara ya zo yi! Aikin shela ya fara zamewa daga hannunsa, don babu mai son ɗan aike mai tambaya. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta cinye rabin geronsa yana bakin biro. Abokai suka ce tsufa ya taɓa masa kai.

Da Jibril ya fara maganar a rediyo, sai aka kira Sallau cikin biron. Wani mushe ne mai furfura, gajiya duk ta bayyana a idonsa, kuma bai yi kwana-kwana ba.

"Malam Sallau, doka ta ce in gaya maka, zan gaya maka. Labari ya iso mana kafin kokawa. Mun tura gwaji, muna jiran tabbaci. Aka ce in an yi shela kuma ya zamo ba ita ba ce, kasuwa ta mutu a banza, makiyaya su kwashe dabbobinsu, gobe in mun yi magana ba mai yarda. Sai muka jira."

"Kenan ranar da nake kiran mutane, kun sani?"

"Muna zato. Kuma ba wanda zai rantse a filin nan ɗiyarka ta ɗauka." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka san don in nemo maka wannan amsa sai da na janye ma'aikaci daga wajen marasa lafiya? Mu kaɗan ne a nan. In kowa ya zo da tambaya irin taka, wa zai yi aikin?"

Sallau ya ce, "Mushe, da kun faɗi zaton naku, da ni zan kai shi kowace ƙofa, ba ko sisi." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Jibril ya watsa amsar a rediyo, gari ya ɗauka. Ni dai ganau ne, an samu canji. Da bazara ta zagayo, ana jin ƙishin-ƙishin ɗin cutar a wani ƙauye sai aka fito aka faɗa, aka ce zato ne, aka ɗage taro. Masu tuwo-tuwo da masu kabu-kabu suka yi ta zagi don sun yi asara, daga baya ma gwaji ya nuna ba cutar ba ce. To, sai me? Sallau aka nemo ya yi wannan shelar, ya kuma yi ta da dukan ƙarfinsa. Yanzu in ya kawo sanarwa, mata kan leƙo ta katanga su ce, "To, tun yaushe suka sani?"

Amma a gida ya biya kuɗin. Ranar da ya dawo da amsa, Uwale na tankaɗe. Ya tsuguna ya gaya mata duka, don bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Ranar kokawar fa Rahamatu ba ta yi niyyar zuwa ba, kanta ke ciwo. Muryarka ta jiyo daga bakin titi, ta ce Baba ya tara mutane, bari ta je. Na yi shiru ban gaya maka ba, don ina cewa ba wanda ya sani, ba laifin kowa. Yanzu ka ce an sani."

Har yau suna tare, tana dafa masa tuwo, tana wanke masa riga. Amma da ta ga ya ɗauko amsa-kuwwa, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa ta danna matashi a kunne. Shi ya sa Sallau ba ya fara shela sai ya wuce unguwarsu, ya yi nisa, inda yake fatan ba za ta ji shi ba. Muryar kuwa, Allah Ya yi ta mai nisa.