Tafiyata Badun Don Zanen Goyo Ya Zauna

Daga Jalingo

Bayan sallar asuba muka bar Mayo Gwoi, cikin daminar 1997, ni da Rifkatu, aminiyata da muke koyarwa a firamare ɗaya. Shekara biyu kafin nan an yanke mini nonon hagu a Badun saboda ciwon daji, aka bi wurin da gashin na'ura. Na warke, alhamdu lillahi. Ina cusa auduga a rigar mama, ba mai ganewa.

Abin da ya tayar da ni daban ne. Wata rana na goya ɗan maƙwabciyata, ina sunkuyawa zanen ya zame ta hagu, don ba abin da zai tare shi. Da ƙyar uwar ta cafe yaron. Na shiga ɗaki na yi kuka. Ga ɗiyata Dudu da cikin fari, a gidanmu kuma ɗan fari a bayan kaka yake girma. Na rantse jikana ba zai girma a bayan wata ba ina raye. Shi ya sa na kama hanyar Badun, ko likitoci za su iya mayar mini da nonon.

A tasha direban Fijo ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kuɗin mutum biyu fa za ka biya."

Rifkatu ta ce, "Ka gani ko, Adda? Wannan tumbi naka har mota ya san shi."

Shekara goma tana mini wannan tsiya, na saba.

Wukari zuwa Makurɗi

Mun wuce garin Mutum Biyu hantsi bai ɗaga ba. A Wukari muka ɓata rabin wuni a layin mai, muka ci doya da manja a gindin mangwaro. Shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa. Mun kwana a Makurɗi gidan ƙanwar Rifkatu, wadda ta cika mu da sakwara kamar gobe ba za a ci ba.

Washegari muka bi ta Otukpo, muka haye Kwara a gadar Itobe, sai Okene, sai Akure. Magariba ta yi mana a Badun, ƙafafuna sun kumbura suntum.

Badun

Likitan gyaran jiki ya yi bautar ƙasa a Yola, yana da 'yar Hausarsa. Ya taɓa fatar ƙirjina, wadda gashi ya mayar kamar ƙirgi, ya ce hanya uku ce. Ta farko jakar roba da ake sawa a ƙarƙashin fata, amma fatar da ta sha gashi ba ta miƙewa, takan ƙanƙance ta matse jakar, wani lokaci har ta fashe. Ta biyu, a ɗebo tsoka da fata daga baya a juyo da su gaba.

Na ce, "Likita, bayan nan shi ya kawo ni. Kada a taɓa shi."

Ya yi dariya ya ce goyo ba zai gagara ba ko an ɗiba, amma na ƙi. Sai ya dubi cikina. "Mama, ka gama haihuwa?"

"Bakwai na yi, na rufe."

"To, akwai kaya a nan. Za mu ɗauko kitse da fata da tsoka daga ƙasan cibiya, da jijiyar jininsu, mu kai sama. Aiki ne babba. Wani sashe yana iya mutuwa, ciki kuma zai yi rauni. Wata uku ba ɗaukar nauyi."

Na juya na kalli Rifkatu. Ga tumbin da take yi wa tsiya ya yi rana.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na yi istihara, na sa hannu. Bayan aikin na yi kwanaki ina tafiya a duƙe kamar tsohuwa mai neman allura, salla ma a zaune. Kullum sai nas ta ɗaga bandeji ta duba launin fatar. Gefe ɗaya ya yi baƙi, aka ɗan yanke, saura ya kama. Ba kamar na Allah ba ne, ba kan nono, ga tabo zagaye. Amma nama ne mai ɗumi, kuma nawa ne.

Komawa gida

Bayan mako biyar muka juyo, na rungume filo a ciki saboda ramukan hanya. Da muka shigo ta Nukkai na hango duwatsun garinmu, hawaye suka zubo mini. A tasha muka ci karo da direban nan, Rifkatu ta ce masa, "Yanzu kuɗin mutum ɗaya ne, an kai sauran sama."

Dudu ta haihu bayan wata huɗu, namiji. Ran da ya cika arba'in na ce a miƙo shi. Mata sun taru a tsakar gida, maƙwabciyata ta matso bayana da hannu a buɗe, ko da tsautsayi.

Na ce, "Koma ki zauna."

Na ɗora shi, na ja zane, na soke a ƙirji, na ɗaura majanyi. Na sunkuya na ɗauki tsintsiya, na share tsakar gidan tun daga bakin zaure har madafa. Zanen bai motsa ba, yaron ma barci ya yi.

Na gode wa Allah, na gode wa likita da Rifkatu. Tumbin nan ma, useko, na gode maka.