Hayaƙin Ɗakin Jego

Shekarun baya can, cikin shekarun saba'in, na yi haihuwar fari. A Gumel nake aure, amma da ciki ya tsufa sai aka mai da ni gidanmu, wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, don in haihu in yi wanka a gaban mahaifiyata. Na sauka lafiya ana tsakiyar damina, na samu 'ya mace.

Yaran yanzu ba su san ɗakin jego na wancan lokaci ba. Gado ne na ƙasa, da rami a ƙarƙashinsa inda ake hura wuta don mai jego ta gasu. Taga ɗaya ce tak, 'yar ƙarama, ita ma an cusa mata tsumma wai kada sanyi ya shige ni. Ga itacen duk a jiƙe, ba ya ci da kyau, sai dai ya yi ta tuƙo hayaƙi. Idan Inna ta ji ƙaurin ya yi yawa, sai ta ƙara da turaren wuta. Safe da yamma idona yana zubar da ruwa, masu zuwa barka suna cewa, "Allah sarki, kewar miji take yi."

Ni zan iya jurewa, jaririyar ce ba ta iyawa. Bayan suna ta fara wani ɗan tari, ƙirjinta yana ƙara idan ta ja numfashi. Wata safiya na goge mata hanci da gefen zanena, sai na ga baƙi kamar gindin tukunya. Na kuma lura in an fito da ita tsakar gida wanka takan samu sauƙi, da an koma ciki sai tarin ya dawo. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don bara waccan maƙwabciyarmu ta rasa jaririnta da irin wannan tarin, aka ce sanyi ne.

Matsalar ita ce 'yar fari ce. A zamaninmu ana kunyar ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya ɗaukarsa a gaban manya, ko nono sai an yi miki faɗa kafin ki ba shi. To da wane baki zan ce na damu da ita?

Sai na fara da dabara. Inna na fita, na hau gado na zare tsumman tagar. Ta dawo ta ce, "Wa ya buɗe nan?" Na ce wataƙila kaji ne. Ta dube ni, ta dubi tsawon bangon, ta mayar da tsummanta. Na koma wajen gwaggona, na kewaya na ce, "Gwaggo, yarinyar nan ta Inna fa kamar ƙirjinta ba daidai ba." Ta ce kada in damu, ta san maganin abin.

Da la'asar sai ga ta da kasko da wasu saiwoyi. Ashe hayaƙin magani za a yi wa yarinyar. Inna ta ɗauke ta, Gwaggo ta barbaɗa saiwoyin a kan wuta, suka jawo mayafi za su lulluɓe ta da kaskon.

Ban san lokacin da na diro daga gadon ba. Na karɓe ta daga hannun Inna, na fita, na zauna ƙarƙashin rumfa.

"Ke! Kin yi hauka ne?" in ji Inna. "Ɗanyen jego a waje, ga hadari ya taso?"

Na ce, "Inna, 'yata ce. Ba za ta sake kwana cikin hayaƙin nan ba. Ni a gasa ni yadda ake so, amma ita a bar ta ta yi numfashi."

Gwaggo ta saki salati tana tafa hannu. "'Yarki? Da bakinki? Yau na ga rashin ta ido!"

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na rantse a raina ba zan tashi ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ina nan zaune. A haka mahaifina ya dawo daga kasuwar Maigatari ya same mu. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya shiga ɗakin ya sako labule. Bai daɗe ba ya fito yana tari yana share ido. Ya ce wa Inna, "Ni ƙato guda ban iya zama ba, bare wannan 'yar mitsitsiyar."

Washegari ya ɗauki gatari ya faɗaɗa tagar. Aka koma ƙona itacen a waje, sai ya zama garwashi sannan a kai ƙarƙashin gado, ƙofa kuwa a buɗe. Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, amma ita ce kullum take fito da jikarta shan iska, tana kara kunne a ƙirjinta. Kafin mu yi arba'in tarin ya tafi.

Yarinyar nan yanzu ita ma tana da jikoki. Kwanakin baya ta kawo mini wata 'yar na'ura ta jona a ɗakina. Ta ce tana sakin wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, su manne wa hayaƙi da ƙurar da ke yawo a iska, sai su yi nauyi su sauka, a share su. Ta ce, "Mama, don ki riƙa shaƙar iska mai kyau." Na juya mata baya kamar ina gyara labule, don kada ta ga hawayena.

Abin da na koya shi ne, kunya abu ce mai kyau, amma ba a biya mata da ran yaro. Har yau ban taɓa kiran sunanta ba, bakina ba ya iyawa. Amma na ce "'yata" a ranar da take buƙatar in faɗa, kuma ko yau aka maimaita, zan sake faɗa.