Fatalwar da Na Auna da Tsayina

Ƙanin matata bai taɓa yi mini laifi ba, shi ya sa ma abin ya fi ƙona mini rai. Da a ce marar kunya ne, da na samu abin kamawa. To ina! Saurayi ne shiru-shiru mai tabarau, in ya shigo gidanmu na unguwar Dengfeng sai ya cire takalmi ya jera, ya yi mini cikakkiyar sallama irin ta Musulmin Sin, ya miƙo ledar lemo da hannu biyu. Abu ɗaya ya haɗa mu: 'yata tana sonsa.

Ita kaɗai Allah ya ba mu, ni da matata 'yar ƙasar nan. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka Mamana nake kiranta, kuma a lokacin ba ta kai shekara goma ba. In kawun nan nata ya zo, sai su zube a ƙasa su yi ta zuba Sinanci kamar famfon da ya ɓalle, suna ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa Sinancina na kasuwa ne: nawa ne, ya yi tsada, rage mini laoban, wato maigida. Ba a ba yarinya dariya da irin wannan. Sai in zauna a kujera da waya a hannu kamar mai duba saƙon kwastoma, alhali kunnena na wajensu. Kishi nake yi, ƙiri-ƙiri, da gemuna.

Wata rana da yamma na dawo daga sito na tarar falo ya cika da kwali da almakashi da sandar goge ƙasa.

"Mamana, me ake yi haka?"

"Fatalwa, Baba," ta ce da gurguwar Hausarta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kawu yake haɗa mini."

Uwarta ce ta yi mini bayani. Wai makarantarsu za ta yi wasa a ƙarshen watan Oktoba, za a toshe tagogin aji ɗaya a mayar da shi ɗakin fatalwa, kowane gida ya kawo abin ban tsoro na haɗin hannu. Ka ji fa! Ni da sana'ata ke nan a garin nan, fayif da gwiwar fayif da noti nake lodawa a kwantena zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa can gida, ni da tun ina ƙarami nake haɗa motar langa-langa da waya har da sitiyari, ina zaune a gida aka tsallake ni aka kirawo mai tabarau.

Na leƙa aikin nasa. Abu ne sandararre, hannuwa biyu a miƙe gaba. Ya yi mini bayani da Turanci cikin ladabi cewa haka tasu fatalwar take, gawa ce da ta sandare, tsalle take yi ba tafiya ba. Na ja tsaki a ciki. Na ce, "Abin da ba ya lanƙwasa gwiwa ai allon talla ne. Mamana, bari ki ga aikin ubanki."

Matata ta dube ni ta wutsiyar ido. "Ba kai ka ce ba ka son mutum-mutumi a gidan nan ba?"

"Nawa ba shi da fuska," na ce. "Ba ido, ba hanci. Kuma ranar da aka gama wasan zan warware abina."

Washegari ban je sito da wuri ba. Na ɗauko tef ɗin awo na tsaya gaban madubi kamar tela, na auna kaina: kafaɗa zuwa gwiwar hannu, gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ƙugu zuwa gwiwa, gwiwa zuwa idon sawu. Wa zan auna in ba ni ba? Ni dogo ne, a jirgin ƙasa ma sai na sunkuya a bakin ƙofa. Na yanke fayif da zarto gaɓa-gaɓa a barandarmu da ko tabarmar sallah ba ta cika ɗauka ba. Ƙashin baya fayif mai kauri, kafaɗu da ƙugu na haɗa su da mahaɗa mai baki uku.

Gaɓoɓin ne aikin. In ka sa gwiwar fayif ta kanti, hannu ya kafe ke nan, ka koma irin aikin kawu. Sai na riƙa gasa bakin kowane fayif a kan murhun gas har ya yi laushi, in danne shi da katako ya baje, in huda, in haɗa biyu da dogon ƙarfe da noti. Gidan ya ɗauki ƙaurin roba, matata ta buɗe tagogi tana mita da yarensu, na yi kamar ban ji ba. Da na ɗaga hannun farko na sake shi, sai ya faɗo lakwaf. Na ƙara ɗaure noti, ya ƙi motsi gaba ɗaya. Na je shagon kayan ƙarfe a bayan titin Huanshi Lu ina kwatanta wa mai shago zoben roba da yatsu, ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu. A hanyar dawowa na roƙi tsohon tiyub a wajen mai gyaran keke, na yanka shi ƙanana na cusa tsakanin gaɓoɓin. Alhamdu lillahi! Inda ka ajiye hannu nan yake tsayawa.

Na naɗe ƙirji da cinyoyi da soso, na ɗaure da salatif. Yatsu kuwa waya ce mai kauri a cikin baƙar safar hannu, kowanne yana tanƙwaruwa. Ƙafafu na dasa su a kan faffaɗan katako don kada ya kife.

Ranar da ya tsaya da kansa, Mamana ta dawo daga makaranta ta yi turus a bakin baranda. Ta matso a hankali ta kama hannun ta ɗaga, ya tsaya. Ta lanƙwasa gwiwar, ta karkata kafaɗar, ta sa shi yana gaisuwa. Sai ta tuntsire da dariya, irin dariyar nan da nake ji daga nesa kullum. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban gama jin daɗin ba ta fizgi wayar uwarta.

"Bari in nuna wa Kawu!"

Haba Mamana. Ko minti biyar ba a bar mini ba.

Saura sutura. Kawun ya kawo farin zanen gado, wai in lulluɓa masa. Na ce Allah ya kiyaye, ba zan naɗe abu mai tsayina a farin ƙyalle kamar likkafani ina raye ba. Ban da haka ma, kayansa ba za su hau aikina ba. Kayan kanti kuwa duk sun yi masa ɗangale. Sai na buɗe akwatina na ɗauko shuɗin kaftanina da wandonsa, suka zauna masa cif, tunda jikina ne. Kai kuma ƙwallon roba na samu na ja masa baƙar safa, babu fuska kamar yadda na yi alkawari, na kifa masa hula. Ban bari yarinyar ta gani ba. So nake ta gan shi a can, a gaban ƙawayenta, ta san wane ne ubanta.

Ranar Asabar da hantsi na kai shi makaranta a naɗe cikin bargo. Na kafa shi a lungun da ke bayan ƙofa, na ranƙwafar da bayansa, na miƙo hannu ɗaya da yatsu a tanƙware daidai tsayin kan yaro. Na kawu yana can tsakiyar ɗaki da hannuwansa a gaba kamar mai jiran a zuba masa ruwan alwala. Na koma wajen iyaye a bakin ƙofar fita na harɗe hannu.

Aka fara shigar da yara. Ina jin su suna dariya a wajen na kawu, har da masu ɗaukar hoto. Da suka iso lungu kuwa, sai ihu! Wata ta fito a guje takalmi ɗaya a hannu. Wani ƙato ya fito yana kuka da majina. Kaina ya fasu. Na waiga na dubi mai tabarau, bakina har kunne, na ɗaga masa gira. Shi bai yi dariya ba, idonsa na kan yaran da ke fitowa. Sai a lokacin na lura: suna fitowa, in sun yi ido biyu da ni, sai su ƙara ƙanƙame iyayensu. Wani ya nuna ni da yatsa ya faɗi wata magana, sauran suka fashe da ihu haɗe da dariya, suna ɓuya a bayan juna. Dogon abu mai baƙin kai da hula da kaftani: ashe ni suke gani a fatalwar.

Ana cikin haka aka kunna fitilar ɗakin, malamar ajinsu tana ta kiran sunan 'yata. Na leƙa. Mamana ce a kan kujera ta yi ɗage, ta cire hular ta maƙale a hammata, tana kiciniyar zare kaftanin daga kafaɗun fayif. Hannun ya maƙale, ta lanƙwasa shi da ƙarfi, rigar ta fita. Ta sauko ta rungume ta a ƙirji, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta juya ga 'yan ajinsu da suka cika ƙofa, ta ɗaga murya ta yi magana mai tsawo. Wata uwa ta sunkuyar da kai.

Ni kuwa kalma ɗaya tak na kama a ciki, baba. Na duba hagu, na duba dama, matata tana can ƙasa wajen masu raba abinci. Mutum ɗaya ne kusa da ni, mai tabarau. Na taɓa hannun rigarsa.

"Me ta ce?"

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

"Ta ce wannan rigar babanta ce, da ita yake zuwa masallaci ranar Juma'a, kuma in ya dawo ita 'yar tasa yake fara ɗauka. Ta ce duk wanda ya ƙara yi mata ihu, ba ita ba shi."

Maganar da ta fi kowace daɗi da aka taɓa yi a kaina ke nan, a gabana aka yi ta, 'yar cikina ce ta yi ta, kuma sai da na roƙe shi kafin na ji.