Tsohuwar da ke Gefen Hoton Basfa

Ƙamshin kafur ne ya tono zancen. Umma ta buɗe tsohon akwatinta na ƙarfe tana neman wani zane, sai ga hoto ya faɗo daga cikin ninkin atamfa. Ɗan mitsitsi ne, bai kai tafin hannuna ba. Ta ɗauka ta kai shi dab da hanci, don idonta yanzu sai a hankali, ta ce, "Ka kai a sa mini wannan a firam. Ina so in riƙa ganin uwata a bango tun idon bai gama tafiya ba."

To, bari in gaya maka yadda hoton yake, kada ka zaci wani abin kirki ne.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. Idan mai hoto ya shigo unguwarmu a Magajiya da kyamara rataye a wuya, kafin ya yi sallama ta riga ta shige ƙuryar ɗaki ta saki labule. Wai ita ba za a manna ta a takarda ɓera ya zo ya ci mata hanci ba. Ni kuwa da yake jika ne, mijinta na wasa, sai in bi ta har ƙofa ina cewa tsoro take kada kyamarar ta fashe. Ta ce, "Maigida, ai kyamarar da ta ga kanka ta tsira, ba abin da zai same ta."

Hoton nan ma ba nata ba ne, na Kawu ne. Wata damina ya sayo basfa, babur ɗin nan mai ƙiba, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta iso hannunsa. Idan ya tashe ta a ƙofar gida, har mutanen garin Diko, can nesa da mu, sai su fara kwashe shanya, su ce hadari ya taso. Ranar da ya kira mai hoto an yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi, kwata ta cika taf. Ya hau ya gyara zama, ya ɗora baƙin tabarau kamar gwamnan da ba a rantsar ba. Daidai lokacin Kaka ta leƙo daga zaure da faifai a hannu za ta yi masa faɗan hayaƙi. Ƙyas! Aka ɗauke ta. Rabin fuska, ido ɗaya, baki a buɗe, duka-duka bai fi ƙwayar wake ba, can a gefen hagu. Duk duniya hotonta ke nan. Har ta rasu ba wanda ya yi gangancin gaya mata.

Na kai wa wani mai firam a Bagama, mutumin kudu ne da ya daɗe a garin nan har Hausa ta zauna masa. Ya zube mini samfura: mai ruwan zinare irin na hoton ɗan takara, baƙi siriri, da na katako. Na zaɓi na katako. Ya ce hoton ya yi ƙanƙanta, gara a sa shi a babban firam a zagaye shi da kwali, a yanka taga a tsakiya. Muka yi ta ja-in-ja a kan fari ko ruwan madara kamar masu zaɓen lefe. Da zan tafi na ce, "Abu ɗaya dai, ka fito mini da tsohuwar nan sosai." Ya ce, "Oga, no wahala."

Bayan kwana biyu na karɓo shi a naɗe cikin jarida, ban ko buɗe ba, na kai wa Umma ina taƙama. Ta warware, ta kai dab da fuska, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Ina Innar take?"

Na karɓa. Ga basfa ɓul-ɓul a tsakiyar taga, tana sheƙi a bayan gilashi. Ko Kawu an ci masa rabin hula. Kaka kuwa babu ita babu labarinta.

Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne almakashi. Idan mutumin nan ya datse gefen ya zubar a shara, shi ke nan, ba inda za a wanko wani.

Na hau acaɓa na koma. Ya saurare ni, ya ce, "Oga, kai ka ce tsohuwa. Na duba na duba, tsohuwa ɗaya na gani, ga ta da taya biyu."

Na ce, "Ka yanke gefen?"

Har haushi ya ji. "Ni ba na yanka hoton mutane. Kwali nake yankawa." Ya ɓalle ƙusoshin baya, ya ɗaga kwalin. Ga ta nan lafiya lau, ido ɗaya, baki a buɗe, har yanzu faɗan hayaƙin take yi.

Da na ba Umma labari ta yi dariya har da share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Ka ga halinta ko? An kai ta wajen mai hoto, ta samu labule ta shige."

Aka yanka sabon kwali, taga a karkace can hagu, ta fito da Kaka da ɗan bakin tayar basfa. Mai firam ya ce bai taɓa yin aiki mai muni haka ba, ya roƙe ni kada in ce shi ya yi.

Yanzu wayata cike take da hotunan yarana, har tana kukan ba wuri, kuma rabon da in buɗe su na manta. Wancan kuwa yana rataye a ɗakin Umma, an sauko da shi ƙasa-ƙasa daidai tsayinta. Fuskar ta daina ganuwa gare ta tun bara. Amma ta san inda tagar take, kullum da safe nan take ɗora yatsa, har gilashin ya yi tabo. Na ce mata ta bari in goge. Ta ce in goge bakina.