Bawul ɗin da Yaya Isufu ya ƙi cirewa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, mai aikin famfo a unguwar Nima da ke Accra. Allah ya jiƙansa, taurin kai gare shi kamar me.

A ƙarshen shekarun 1970 wani Alhaji mai fataucin goro ya gina bene hawa shida kusa da Zongo Lane, ya ba Yaya aikin ruwan kashe gobara: tanki, injin tura ruwa, da tiyo a kowane hawa. A hawan ƙasa, inda ruwa ya fi matsi, Yaya ya ɗaura bawul mai rage masa ƙarfi. Nan fa aka yi masa ca. Mu da muka tashi muna jera bokiti a famfon da ke ɗiga da ƙyar, a ce mana an rage wa ruwa ƙarfi da gangan? Alhaji ya ce a cire. Yaya ya ce, "Alhaji, ruwan da hannu ya kasa riƙewa ba ya kashe wuta." Bai cire ba, Alhaji kuma bai sake ba shi aiki ba. Har ni da nake ɗinki a ƙasan benen, sai da na ce masa ya cika iyayi.

Wata Juma'a, maza duk suna masallaci, wuta ta kama ɗakin ajiyar yadi da ke gefen shagona. Mahaifiyar Alhaji tana hawa na biyu, ba ta iya tafiya, hayaƙi ya toshe matakala. Na fizgo tiyo na buɗe. Wallahi ya tsaya a hannuna, ni da ko buhun gari ban iya ɗagawa! Da 'yan kwana-kwana suka iso, wuta ta mutu. Babbansu ya ce da babu bawul ɗin, da tiyon ya maka ni da bango.

Yau benaye sun cika Accra, ido na ganin fenti da gilashi. Da Yaya na nan, na san bayan gini zai zagaya yana tambayar yaushe rabon da a gwada ruwan. Rigakafi ya fi magani, amma wa ke tuna mai rigakafi?

Tsohuwar nan ta rayu har ta ga tattaɓa kunnenta. Su ne yanzu ke tare ni a hanya suna cewa, "Hajiya, ke ce kika ceci kakarmu." Na daɗe ina karɓar godiyar da ba tawa ba, Yaya kuwa har ya koma ga Allah ban buɗe baki na gode masa ba. Yaya, na gode. Ka yafe mini jinkirin.